Yadda Ɗaliba Za Ta Yanka Riga a Ajin Ɗinki

Kafin ɗalibar sakandare a Bauchi ta ɗauki almakashi, ya kamata ta auna ƙirji, ƙugu da tsawon riga da tef, ta rubuta awon a littafinta, domin a nan ne darasin lissafi yake yi mata rana. Turmin atamfa irin na Kasuwar Wunti yadi 6 ne, kowane yadi kuwa inci 36, saboda haka ta fara ware yadi 2 na zane. Daga nan sai ta ninka yadin rigar gida huɗu, ta raba awon ƙirji da 4, ta ƙara inci 1 na ɗinki, sannan ta ja layi da alli. A ganina, gara ta soma yanka tsohuwar jarida, malama ta duba, kafin ta taɓa atamfar.