Ranar Da Ka Karɓi Makullin Gida A Ingila, Ka Fara Da Mita

Sau uku na yi ƙaura a Ingila. Ta ƙarshe daga Leeds zuwa Bradford ce, a watan Nuwamba, sanyi ya fara cizo. Kafin ka shigo da katifa ma, ka nemi mitar wuta da ta gas, ka ɗauke su hoto da waya yadda lambobin za su fito sarai. Tawa ta gas a wani akwati take a jikin bango daga waje, sai da na ari ɗan makullinsa wurin maƙwabciyata. Hoton nan shi ne shaidarka, don kada a ɗora maka abin da waɗanda suka tashi suka sha.

A Kano kowa ya san KEDCO ce kawai. A nan kamfanoni suna da yawa, kuma daga ranar da ka shiga, wanda ke ba gidan wuta ya zama naka, ko ba ka sa hannu a takarda ba. Ba za a yanke maka ba, sai dai tsarin da ake ɗora ka a kai yakan fi tsada. Daɗinsa, babu tarar fita. Idan ba ka san kamfanin ba, ka tambayi mai gida ko dillalin haya. Shafin Find My Supplier zai nuna maka na gas, na wuta kuwa masu kula da layukan yankinku ne za su faɗa maka. A Yorkshire, yankin da Bradford take, Northern Powergrid ke nan. Da ka gano kamfanin da ke ba gidan wuta ko gas, ka kira shi, ka ba da sunanka da ranar shigarka da abin da mita ta nuna.

Inda na ƙone shi ne mitar kati. Na tarar da tsohon katin gas a kan taga, na je shago na zuba fam 20. Kafin kwana biyu rabin kuɗin ya tafi, ga yara suna rawar ɗari. Ashe mutumin da ya tashi bashi ya bari, mita kuma tana cirewa daga duk abin da aka zuba, ba ruwanta da wanda ya biya. Kada ka taɓa katin wani. Ka fara kiran kamfanin su share bashin daga mitar, su ba ka sabon kati ko makullin zuba kuɗi a mita da sunanka. Kuɗina sun dawo, amma sai da na sha jira a waya.

Sai batun canjin kamfani. Idan kuɗin wuta yana cikin kuɗin haya, mai gida ke da zaɓi. Idan kai ke biya, kai ke da shi. Ka kwatanta a shafi irin Uswitch, kuma kada farashin kowane yunit ya ɗauke maka hankali: akwai kuɗin da ake cira kullum ko ka kunna ko ba ka kunna ba, ka haɗa da shi. Hukumar Ofgem, mai sa ido kan kamfanonin wuta da gas, tana sabunta iyakar farashi duk wata uku, a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Ni na fi son tsayayyen farashi na shekara guda, don na san abin da zan ware. Sabon kamfanin ne zai sanar da tsohon, canjin yakan kammala cikin kwanakin aiki 5, kuma kana da kwana 14 ka janye idan ka sake shawara.

Tsohon gidanka ma, ka sanar da kamfaninsa aƙalla awa 48 kafin ka tashi, ka ɗauki hoton mita a ranar ƙarshe, ka ba su sabon adireshi. Takardar lissafin ƙarshe za ta zo cikin mako 6, ragowar kuɗinka kuma cikin kwanakin aiki 10 bayan nan.