Yadda ake gyara fuskar kayan inji kafin a haɗa motar gudu a Saudiyya

Duk makanikin da ke aiki a Sana'iyyar (unguwar garejoji) Jidda ko Riyad ya saba da masu Nissan Patrol da Land Cruiser da ke son a ƙara musu turbo, na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, don hawan tudun rairayi. Ƙarfi na ƙaruwa, zafin inji na bin sa, ga rani da kan haura digiri 45. Shafin kariya a fuskar kayan inji da taurara ƙarfe suna taimakawa ƙwarai, amma sai an bi su daki-daki. Yawancin asarar da ake yi, daga sa na baya a gaba take fitowa.

Fara da kammala duk aikin sassaƙa: fafe silinda, goge karanshaf, daidaita nauyi. Sai ka wanke, ka nemi tsaga. Kayan ƙarfe ana duba su da maganaɗisu da garin ƙarfe, na alminiyom kuma da ruwan rini. Wanda ya tsage ka ajiye shi gefe, shafi ba ya ɗinke tsaga.

Daga nan sai karanshaf. Ana sa shi a tanderu mai zafin digiri 500 zuwa 550, naitirojin ya ratsa fuskarsa ta taurara. Taurin nan bai kai milimita ɗaya ba, don haka in ka sake goge shi a injin sassaƙa, ka kankare abin da ka biya kuɗi a kai. Idan ya dawo, duba ko ya lanƙwashe, sannan a yi masa sulɓi kawai.

Konrod (sandar da ke haɗa fistan da karanshaf) da sifirin ɗin bawul ana fesa musu ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Dukan yana danne fuskarsu, tsaga ta rasa inda za ta soma.

Fistan ne ya fi buƙatar natsuwa, domin shafi biyu yake ɗauka. Samansa, inda wuta ke ci, ana fesa masa seramik mai tare zafi. Gefensa mai gogar silinda kuma shafin molibdinom mai santsi, wanda ke ceton sa a lokacin da baƙin mai bai gama zagayawa ba. Kafin feshi, rufe ramukan ringi da na fin da tef, ka kankare fuskar da yashin alumina, ka wanke da asiton, kada yatsa ya sake taɓa ta. Gasa shi a zafin da kamfanin shafin ya rubuta. Don Allah kada ka ƙara wuta don sauri, alminiyom yana yin laushi.

Bututun hayaƙi da gidan turbo, a yi musu seramik. A Jidda wannan ya zama dole a ganina, saboda gishirin iskar Bahar Maliya yana hanzarta tsatsa. Shafin DLC (kabon mai tauri irin na lu'ulu'u) a fin ɗin fistan yana da kyau amma da tsada, a bar shi ga motar tsere ta gaske.

Kafin haɗawa, wanke hanyoyin mai da buroshi har sai farin tsumma ya fito fes. Ƙwayar yashi kaɗan ta isa ta cinye metal, wato biyarin da karanshaf ke juyawa a kai. Sake auna kowace tazara da maikiromita, tunda shafi yana ƙara kauri. Seramik kuma yana riƙe zafi a ɗakin wuta, saboda haka a sake saita lokacin tartsatsi a kwamfutar motar, a zuba fetur mai lamba 95, ba 91 ba.