Babi na 6: Idan baturi na biyu ya ƙi ɗaukar caji a mota

Darasi na ɗaya: san kayanka tukuna

Wasu motoci baturi biyu gare su. Na gaba shi ke tada mota. Na biyu yana baya, shi ke riƙe fitila da fanka da firji ko lasifika bayan an kashe mota. A Turai da Ostareliya ana sa shi a motocin nan da ake gyara cikinsu kamar ɗaki, da gado da ɗan kicin, mutum ya yi tafiya ya kwana a ciki, mu kuma nan sai ka gan shi a motar masu talla da lasifika. Haɗin galibi iri ɗaya ne.

Wuta tana tasowa daga altaneta, wato ɗan janareton da inji ke juyawa, ta shiga baturin gaba, daga nan ta bi jar waya mai kauri, ta ratsa fis, ta ratsa wani ɗan akwati da ake kira rile, mai haɗa baturan biyu ko ya raba su, ta sake ratsa wani fis ɗin sannan ta isa baturin baya. Baƙar wayar baturin baya kuma tana kame da ƙarfen jikin mota. Bi wannan hanyar da yatsanka a motarka, ka taɓa kowanne ka faɗi sunansa. Kafin ka taɓa, cire zobe da agogon ƙarfe, kuma kar ka ɗora sifana a kan baturi.

Darasi na biyu: mita

Nan ne mutane suka fi tuntuɓe, don haka a hankali za mu tafi, ba gaggawa.

Ɗauki mitarka, wato abin auna ƙarfin wuta mai wayoyi biyu, ja da baƙa. A tsakiyarta akwai abin murɗawa. A gefensa za ka ga harafin V a wuri biyu, ɗaya da layi miƙaƙƙe a kusa da shi, ɗayan da layi mai lanƙwasa. Mai miƙaƙƙen layi shi ne namu, mai lanƙwasa na wutar gida ne. Murɗa zuwa 20 a ɓangaren V mai miƙaƙƙen layi. Tsaya, sake dubawa. A 20 yake? Layin miƙaƙƙe ne? To madalla, ka yi rabin aikin.

Baƙar wayar mita ta shiga ramin da aka rubuta COM, jar kuma ramin da ke da V. Kar ka sa ta a ramin 10A, idan ka taɓa baturi a haka za ta yi tartsatsi, mitar ma tana iya ƙonewa.

Kashe mota, kashe duk abin da ke jan wuta a baya, ka bar ta ta huta kamar awa ɗaya. Ɗora jan tsinke a kan baturi mai alamar +, baƙi a mai alamar -. Lamba za ta fito, kuma akwai ɗigo a cikinta, wannan ɗigon ba datti ba ne. 12.6 ana karanta shi sha biyu da ɗigo shida. Daga 12.6 zuwa 12.7 baturi a cike yake, 12.2 ya sha kusan rabi, ƙasa da 12.0 ya yi sanyi sosai. Idan ka ga alamar - a gaban lambar kar gabanka ya faɗi, tsinkayen ka juya, ka musanya su kawai.

Rubuta lambar baturin gaba da ta baturin baya a takarda, da ɗigonsu. Idan mita ta nuna sifili ko wata lamba da ba ka gane ba, kar ka yanke wa baturi hukunci tukuna, koma kan abin murɗawa: V mai miƙaƙƙen layi, 20. Ba abin kunya ba ne, kowa ta nan ya fara.

Darasi na uku: mota a kunne

Kafin ka tada mota duba mita, V mai miƙaƙƙen layi, 20. Na san na faɗa, zan kuma sake faɗa.

Tada mota, ɗan taka totur, ka auna baturin gaba. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. Idan yana nan a sha biyu da wani abu bai motsa ba, to matsalar daga altaneta ce ko bel ɗinta, baturin baya ba ruwansa. Idan gaba ya kai 14, koma baya ka auna, ya kamata ya zo kusa da na gaba. Idan bai tashi ba daga lambar da ka rubuta ɗazu, wuta ta tsaya a hanya.

Kuma don Allah jama'a ku daina cewa za ku riƙe lamba a ka. Sai mutum ya zo aji ya ce malam sha biyu na gani, sha biyu da me? Haba! Tsakanin 12.7 da 12.0 ai cikakken baturi ne da wanda ya yi sanyi sosai, ku manya ne masu iyali, takarda da biro ba su fi ƙarfinku ba. Wani ma har ya je kasuwa ya sayi sabon baturi alhali fis ne kawai ya ƙone.

Darasi na huɗu: ina ta tsaya

Mota a kunne. Baƙin tsinke a ƙarfen mota inda ba fenti, jan tsinke kuma ka taɓa kowane gefe na fis. Gefe ɗaya 14, ɗayan kuma ƙasa da haka sosai, fis ɗin ya tafi, sa wani mai lamba irin tasa, ban da ɗaura zaren waya. Haka za ka yi wa rile. Rile irin mai jin ƙarfin wuta yana haɗewa idan gaba ya kai wajen 13.3, za ka ji ya yi ƙas. Idan yana ta ƙas ƙas ba tsayawa, sau da yawa baturin baya ne ya yi sanyi da yawa ko waya ta yi siriri, cire baturin ka kai caji. Sai ka fara kwance baƙar waya. Duba mita, 20.

Darasi na biyar: tsatsa

Kwance baƙar wayar da ke jikin mota, goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya fito, ɗaure tam. Farin garin da ke kan baturi a wanke shi da ruwan zafi.

Darasi na shida: sabbin motoci

Wasu sabbin motoci altanetarsu tana rage wuta da kanta, rile ba ya yi musu. Su da baturin litiyam caja ta musamman da ake kira DC-DC suke so. Wannan a kai wa mai rewaya.

Aikin gida: lambobi huɗu, gaba da baya, a kashe da a kunne. A zo da takardar.