Kafin Ka Haɗe Basussukan Karatunka Wuri Ɗaya

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ɗalibin da ya kammala Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda da wuya ya fito da bashi ɗaya tak. Akwai na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya da ke ba ɗalibai rancen karatu, akwai abin da kawu ya ranta masa na kuɗin ɗaki, akwai na ƙungiyar gama-kai da mahaifinsa ya ciyo da sunansa, sannan sau da yawa akwai na manhajojin waya masu ba da rance. Idan suka taru, sai wani ya ba shi shawarar ya karɓi babban rance guda ya sallami kowa, ya rage mai binsa mutum ɗaya ne. Wannan dabara tana da amfani, amma ba ga kowane bashi ba.

Fara da takarda da biro. Rubuta sunan kowane mai binka, abin da ya rage, kuɗin ruwan da ke hawa kansa, da ranar da za a ƙwanƙwasa maka ƙofa. Za ka ga basussukan sun rabu gida biyu: masu ƙaruwa da masu zama yadda suke.

Na NELFUND yana cikin na biyun, kuma a ganina kuskure ne babba a haɗa shi da sauran. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Afrilun 2024 ta tanadi cewa rancen ba shi da ruwa, ba a fara biyansa sai bayan shekara biyu da kammala bautar ƙasa, kuma kashi 10 cikin ɗari ake cira daga albashi ko abin da mutum ke samu. Wanda ya ciyo kuɗin banki ya biya irin wannan bashi ya sayar da sauƙi ya sayi wahala, domin banki zai fara cira tun watan farko, ko da aiki ko babu. Haka bashin dangi yake. Abin da kawu ke buƙata shi ne ka je ka zauna gabansa ka ce, "Kawu, kowane ƙarshen wata zan kawo dubu goma," kuma ka cika.

Inda haɗewa ke da ma'ana shi ne bashin manhajoji, waɗanda ke lissafa ruwa a wata ko ma a mako, kuma wasunsu kan aika wa mutanen da ke cikin wayarka saƙon tozarci. Ko a nan ma, kada ƙanƙantar biyan wata ta ruɗe ka. Ɗauki misalin naira 300,000 da ruwan kashi 30 a shekara a kan asalin kuɗin. A shekara ɗaya za ka riƙa biyan 32,500 duk wata, jimilla 390,000, amma idan aka shimfiɗa maka shi zuwa shekara biyu, biyan wata zai sauka zuwa 20,000, jimillar kuwa ta hau zuwa 480,000. Saboda haka tambayar da za ka yi wa ma'aikacin banki ita ce nawa za ka biya gaba ɗaya, har da kuɗin fom, inshora da tarar jinkiri, kuma ko akwai caji idan ka biya kafin wa'adi.

Ga mutumin Zamfara akwai batun riba, wato kuɗin ruwa da Musulunci ya haramta, wanda ba ƙarami ba ne. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz, galibi kaya suke saya su sayar maka, ba tsabar kuɗi suke bayarwa ba, don haka rance marar ruwa daga ƙungiyar ma'aikata ko kwasar adashi ya fi kusa da hannu. Duk wanda ka samu, a rubuta shi gaban shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta, a bayyana wa mai tsaya maka cewa albashinsa za a kama idan ka gaza, sannan ranar da ka sallami tsofaffin masu binka ka karɓi shaidar biya ka goge manhajojin daga wayarka.