Idan duƙushi ya fara ɗingishi

Nan Damagaram, ni da kofato nake farawa, ko ƙaya ce. In babu, sai yaro ya ja shi da sassarfa a ƙasa mai tauri. Ciwon ƙafar gaba, kansa yake ɗagawa in ya taka ta.

Sai ka shafa gaɓoɓi, ka kwatanta dama da hagu. Kumburi mai taushi marar zafi, ga duƙushin da aka ɗura wa gero: rage hatsi, a daina hawansa ko sallah ta matso. Hoton ƙashi zai nuna ko sai tiyata.

Jaririn duƙushi kuwa, gaɓa da zafi, ga zazzaɓi, duba cibiya, ta nan ƙwayar cuta kan shiga. Kira likitan dabbobi ran nan, kada ka yi masa lalas, wato ƙona wurin da ƙarfe mai zafi.