Kurakuran da masu zuwa aiki ƙasashe masu zafi ke yi kan zazzaɓin cizon sauro

Wanda ya fi shiga haɗari sau da yawa shi ne wanda ya taso a inda sauro ya yi yawa, ya shafe shekaru a ƙasa mai sanyi, sannan aiki ya kai shi Kongo ko Mozambik, ya ce ai jininsa ya saba. Garkuwar da jiki ke samu daga yawan kamuwa da maleriya ba ta ɗorewa. Da zarar mutum ya daɗe bai haɗu da ƙwayar cutar ba, sai ta yi ta raguwa. Don haka shi ma maganin rigakafi ya kama shi, daidai da wanda bai taɓa zama a yankin maleriya ba.

Sai kuma yadda ake shan maganin, wanda a nan ne aka fi yin ɓarna. Mutane kan fara ranar da suka sauka, su ajiye ranar da suka dawo gida. Kowane magani da ƙa'idarsa. Malarone ana fara shi kwana 1 ko 2 kafin tafiya, a ci gaba har kwana 7 bayan barin yankin. Doxycycline ma haka ake fara shi, amma sai an yi mako 4 ana sha bayan dawowa. Mefloquine sau ɗaya ne a mako, ana fara shi mako 2 zuwa 3 kafin tafiya, kuma ba a ba wa mai tarihin farfaɗiya ko ciwon damuwa. Dalilin ci gaba da sha bayan dawowa shi ne, ƙwayar cutar tana fara ɓuya ne a hanta kafin ta fito cikin jini. Wanda ya katse maganin da wuri ya buɗe mata ƙofa. Mace mai juna biyu kuwa, kada ta taɓa doxycycline, ta tuntuɓi likita tun kafin ta sayi tikiti.

Akwai masu ganin tunda suna shan ƙwaya, gidan sauro ya zama ado. Babu maganin da ke karewa ɗari bisa ɗari. Sauron da ke ɗauke da cutar, wato macen anofilis, daga magariba zuwa asuba take cizo. A kwana cikin gidan sauro mai magani, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a shafa man korar sauro mai sinadarin DEET a wuyan hannu da idon sawu. Masu aikin dare a ma'adinai da wuraren gini su ma su kula da wannan.

Idan zazzaɓi ya zo, kuskuren shi ne a sha farasitamol a kwanta, a ce gajiyar aiki ce. Nau'in maleriya mai suna falsifarum na iya kai mutum ga suma cikin 'yan kwanaki. Duk zazzaɓin da ya taso bayan mako guda da shiga yankin, a je gwajin jini a ranar, gwajin gaggawa bai fi minti 20 ba. In an tabbatar, maganin Coartem sau 6 ake shan sa cikin kwana 3, tare da abinci mai maiƙo don jiki ya karɓe shi sosai. Jin sauƙi a rana ta biyu ba dalilin dainawa ba ne. Kulorokwin kuwa ya daina aiki kan falsifarum a yawancin ƙasashen duniya, kuma jabun magunguna sun cika kasuwa, gara a saya a kantin magani mai rajista. Amai ba ƙaƙƙautawa, ruɗewa, ko fitsari mai duhu, wannan na asibiti ne da allurar artesunate.

Masu dawowa daga Indiya ko Papuwa Niyu Gini su lura da nau'in vivax, wanda kan kwanta a hanta ya farka bayan watanni. Maganin da ke kashe shi a can, primaquine, sai an yi gwajin jini mai suna G6PD kafin a sha, domin yana farfasa jinin wasu. Kuma likitan ƙasar da babu maleriya ba lallai ta zo masa a rai ba, sai ka faɗa masa da bakinka ƙasar da ka je da watan da ka dawo.