Yadda Nake Dafa Dankalin Hausa Ba Tare da Amfaninsa Ya Bi Ruwa Ba

Tun wajen zaɓen dankalin nake fara aikina. Nakan ɗan kankare ɓawon da farce in leƙa cikinsa. In na ga ruwan goro, shi nake ɗauka, domin wannan launin alamar sinadarin beta-karotin ce, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Rashin wannan bitamin ne ke kawo wa yara dundumi, su kasa gani da zarar magariba ta yi, kuma yana raunana garkuwar jiki. Shi ya sa aka ba masana da suka yaɗa wannan iri kyautar abinci ta duniya a 2016. Farin ma yana ƙosarwa, amma a wannan fanni bai kama ƙafar mai ruwan goro ba.

Kada ku ɗauki mai baƙin tabo ko mai ramin ƙwari. Ɗacinsa kan ratsa har inda ido bai gani ba.

Ni ba na ferewa. Ina wanke shi tas, in goge ƙasar da soso, in jera a tukunya da ɓawonsa, ruwa ya ɗan rufe shi kawai. Matsakaici kan nuna cikin minti 20 zuwa 30. Ku soka wuƙa a tsakiya. In ta shige salin-alin, ku sauke ku tsiyaye ruwan nan take. Ɓawon zai saluɓe da kansa tsakanin yatsu, ga tururi na tashi, ga ƙamshi. In aka yayyanka shi ƙanana aka bar shi yana ta tafasa, bitamin C ɗinsa cikin ruwa yake tafiya.

Sannan ku ɗiga masa ɗan mai, ko da ƙaramin cokali ɗaya ne. Beta-karotin sai da maiƙo hanji ke iya tsotse shi sosai, kuma wannan ne abin da na fi roƙon iyaye su riƙe.

Ga mai ciwon suga, dafaffe ya fi gasasshe. Gashi a hankali yana juya sitacinsa ya koma suga, abin da ke ƙara masa zaƙi ke nan, ya kuma fi saurin ɗaga sugan jini. A ci daidai misali. Mai ciwon ƙoda kuwa ya fara tambayar likita, saboda yawan sinadarin fotasiyam da ke cikin dankalin.

Ɗanyen kada ya shiga firiji. Na taɓa yin wannan kuskure, na dafa, na dafa, tsakiyar ta ƙi nuna, ta yi tauri kamar icce. Yanzu a kwando nake ajiye shi, cikin inuwa, inda iska ke ratsawa.